Wai Zuciyata Ta Kusa Tsayawa

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da ke laɓewa suna karantawa. Yau babu doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Wadda yau ta fara haɗuwa da ni, sunana Hure, shekarata ashirin da huɗu, 'yar Malam Nababa manomi, a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗanbatta. Ina koyar da 'yan aji huɗu a firamaren Rafin Kanya. An sa min rana da Basiru, saura wata biyu. Ko ranar tana nan ko ta tashi, wallahi ni kaina ban sani ba.

Daga ƙafata abin ya fara.

Tsakanin ƙofar gidanmu da makaranta kilomita bakwai ne. Da can acaɓa nake hawa. Da aka cire tallafin mai, ɗan acaɓa ya ninka kuɗinsa, ya sake ninkawa, albashi kuwa yana nan inda yake. Masara ta yi tsada, taki ya gagari Baba. Wata Litinin na tsaya a bakin hanya na ce, Hure, ko dai ki zama mai yi wa ɗan acaɓa aiki, ko ki taka. Na je gwanjo na sayo kambas baƙi, na ɗaure ɗankwali tamau a ƙarƙashin hijabi, na saɓa jaka na bi burtali.

Kada wata ta yaudare ku, satin farko azaba ce. Ranar farko haki kawai na yi, har ina yabon kaina. Sai a kwana na biyu da na uku jikina ya yi tsami, cinyoyina kamar an kirɓa su a turmi. In na yi zaman tahiya sai na dafa bango nake tashi. Shiga banɗaki kuwa, ku dai bar maganar. Akwai wani tudu a bayan gonar Alhaji Sabo, sai na tsaya sau uku kafin in kai samansa, ƙirjina na bugawa har cikin kunnena, maƙogwaro a bushe. In na isa aji sai na zauna minti goma kafin in iya cewa a buɗe littafi.

Inna ta ce in haƙura. Baba ya ce, "Rabu da ita. Ranar farko ta noma ni ma da rarrafe nake shiga ɗaki. Kafin a zo maimai, noma na biyu, na manta."

Gaskiyar Baba. Sati uku tsamin ya tafi. Wata biyu, tudun nan ina hawansa ina azkar ɗina a bayyane, numfashi bai yanke ba. Tafiyar da ke cin awa biyu ta dawo awa ɗaya da kwata. Ranar da na makara kuwa, in na duba gaba da baya ba kowa, dawa ta rufe ni dama da hagu, tattare zani nake in sheƙa da gudu. Zufa ta koma zuwa da wuri, tun kafin in gaji ta sanyaya ni. Sharaɓata ta yi tauri kamar taɓarya. Tuwo malmala biyu nake ci in leƙa tukunya, amma tela sai rage min siket yake. Ciwon kan da ya addabe ni tun ina kwaleji na neme shi na rasa. Bacci, ina ɗora kai a filo shi ke nan. Tun da nake ban taɓa jin daɗin jikina irin na shekarar nan ba.

A kan hanyar nan Basiru ya gan ni. Shagon kayan sola gare shi a Ɗanbatta, ya zo ɗaura wa wani gida fitila. Ya tsayar da babur ya ce, "Malama, lafiya kike sauri kamar an biyo ki?" Na ce lafiya ƙalau. Ya ce in hau ya rage min hanya, na ce na gode. Sati biyu yana tare ni a gindin wata tsamiya kafin ya sami lambata. Ku lura da kyau, a haka ya gan ni. Da ramar, da zufar, da kambas ɗin. A haka ya ce yana so.

Basiru maraya ne. Yayar babansa, Hajiya Falta, ita ta riƙe shi. Asalinsu mutanen Barno ne, amma tun kakanni suke Ɗanbatta. Mace ce mai jiki, mai lafaya da turare, in ta shiga gida sai ƙamshinta ya kwana biyu bai fita ba. Ranar da ta fara zuwa ganina na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta juya wajen Inna ta ce, "Ba ta cin abinci ne?"

Na haɗiye. Na ce manya ne.

Da lokacin gwajin aure ya zo, ta ce ita za ta raka mu. Muka je wani ƙaramin asibiti, aka ɗibi jininmu, komai ya fito lafiya, alhamdulillahi. Nas ɗin, Sista Asama'u, ta ɗaura min abin awon jini a damtse. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta kama wuyan hannuna tana kallon agogonta.

"Hamsin da shida," ta ce. "Zuciyarki a hankali take bugawa. Yawancin mutane saba'in ne zuwa tamanin."

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi!" Daidai nan wayarta ta yi ƙara, ta tattare lafaya ta fita amsawa.

Sista ta ce, "Kina jin jiri? Kin taɓa suma? Ƙirjinki na ciwo?"

Na ce ko ɗaya.

"Wane aiki kike yi?"

Na gaya mata, har da gudun da nake yi a cikin dawa. Sai ta kwashe da dariya ta saki hannuna.

"Shi ya sa! Ai zuciya ma tsoka ce, kamar ta ƙafarki. In ana sa ta aiki kullum, ƙarfi take yi. Bugu ɗaya naki yana tura jinin da ya fi na wata, don haka ba ta da gaggawa. Irin ta 'yan ƙwallo gare ki. Ni da za a ba ni ita da na karɓa."

Ta nuna min yadda zan riƙa ƙirgawa da kaina, yatsa biyu a wuyan hannu, minti ɗaya, da safe kafin in tashi daga shimfiɗa. Ta ba ni lambarta. Basiru yana zaune a kan benci, da kunnensa ya ji komai, har yana murmushi.

Kwana huɗu bayan nan na shiga suna a maƙwabta. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi, ina cikin gaisawa wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta langaɓe kai.

"Sannu 'yar nan. Ashe zuciya ce? Allah ya ba ki lafiya."

Na ce, "Wace zuciya, Iya?"

"An ce likita ya ce ta kusa tsayawa. Wai shi ya sa kike ta ramewa."

Na waiga, sai na ga duk matan tsakar gidan ni suke kallo, wata har da share ido. Kafin in fito na ji wata a bayana tana cewa ai an ce ba za ta iya naƙuda ba. Jama'a! Ni da nake taka kilomita goma sha huɗu kullum! Wadda ta faɗi maganar, daga tabarma zuwa randa sai ta huta a hanya!

Ina shiga ɗaki na ɗauki waya na tura wa Basiru saƙo.

*Ka ji abin da Hajiya ta baza a gari?*

*Ki yi haƙuri Malamata. Kin san manya.*

*Kana wurin. Ka gaya mata abin da Sista ta ce mana.*

*Na gaya mata. Ta ce 'yan ƙwallon ma ai faɗuwa suke a fili.*

*To yanzu ya kake so a yi?*

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi:

*Ki ɗan yi jiki kawai kafin biki, magana ta mutu. Don Allah.*

In ɗan yi jiki. Kamar ragon da aka turke ana jiran Sallah. Na kife wayar ban ba shi amsa ba.

A gida ma ban tsira ba. Inna ta zaunar da ni tana hawaye.

"Hure, ki ajiye aikin nan. Dubi wuyanki, ƙashi duk a waje. Kowa ya gan ki sai ya ce ba ma ba ki abinci."

"Inna, lafiyata ƙalau."

"Lafiyar da ba a gani a ido? So kike su fasa, a ce 'yata mai ciwo ce? Wa zai sake tako ƙofar gidan nan?"

Na ce ba zan bar aikin ba. Da albashin nan ake sayen gishiri da magi a gidan, ita ma ta sani. Baba ya ce a ƙyale ni. Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

A kwana na uku sai ta sauko. Kafin in gama shiri da safe ta miƙo min kofi. Kunun gyaɗa, mai kauri, da madara, da suga. A wannan tsadar! Da ina da wayo da tun nan na tsargu. Amma ni daɗi na ji, na ce Inna ta huce. Kullum da safe sai ta tsaya a kaina har na shanye.

Kwana huɗu da fara shan kunun nan wata irin yunwa ta taso min, ba irin tawa da na sani ba. Tawa ta bayan tafiya ce, in na ci ta kwanta. Wannan kuwa ina ajiye kwano take dawowa. A aji ina rubutu a allo bacci na fizgata. Fuskata ta fara cika, kumatu suka taso, zoben azurfar da Basiru ya ba ni ya matse min yatsa. Inna ta dube ni ta ce, "Masha Allah, kin fara cikowa." Basiru, wanda bai taɓa damuwa da hoto ba, ya shiga roƙo kullum in turo masa. Na tura ɗaya, ya maido da zukata jajaye har bakwai: *Kin ga yadda kika yi kyau kuwa?*

Amma ƙafata ta yi nauyi. Ranar Laraba, a tudun gonar Alhaji Sabo, na tsaya sau biyu ina haki, ƙirjina na fat-fat. Washegari da safe na sa yatsa biyu a wuyan hannu na ƙirga. Tamanin da huɗu. Na sake ƙirgawa. Tamanin da shida.

Abin da ba zan manta ba ke nan. Tsoro ya kama ni. Na ce ko dai gaskiyar Hajiya ce? Ko da gaske ciwon ne ya fara fitowa? Ranar a cikin burtali na zauna a kan wani kututture na yi kuka, na ce ashe zan mutu ban shiga ɗakina ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce ga shi nan, dama an faɗa.

Yau Asabar, ba makaranta. Da hantsi na shiga madafi zan ɗebi garwashi in yi guga. Inna na tsugune ta ba ƙofa baya, ba ta ji shigowata ba. Murfin langa ne a gabanta, tana murƙushe wasu ƙananan ƙwayoyi da bayan cokali. Kofina yana gefe, kunu na tururi.

"Inna, mene ne wannan?"

Ta zabura, cokalin ya faɗi.

"Ba komai. Na ƙarin jini ne."

"Ba ni ledar in gani."

Ta tura ta ƙarƙashin zaninta. Tun da aka haife ni ban taɓa sa hannu na karɓi abu a wajen Inna da ƙarfi ba sai yau. Ledar kemis ce, ƙwayoyi kala biyu a ciki. Duk macen da ta taɓa zama a gidan biki ta san su. Sha-ka-fashe.

"Kwana nawa kina zuba min?"

"Don Allah ki rage murya."

"Kwana nawa, Inna?"

"Goma sha biyu." Sai ta fashe da kuka. "Don ke na yi! So nake ki fita kunyar mutane!"

"A ina kika samu? Ke da ba kya fita?"

Ta juya tana kallon murhu, sannan ta faɗa.

"Basiru ne ya kawo. Ya ce kada a gaya miki, ba za ki yarda ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na ɗauki hoton ƙwayoyin na tura wa Sista Asama'u. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira, tana ta faɗa. Ta ce ɗaya na jawo yunwa da bacci, ɗayar kuma ruwa take tara wa jiki, ta ɗaga jini, ta ɗaga suga, ta riƙa cinye tsoka a hankali. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ta ce gobe da safe in kai mata ledar ta auna ni, ta san yadda za a raba ni da shi.

Na tura wa Basiru layi ɗaya: *Ka zo bayan la'asar.*

Ya zo. Shadda ruwan sama, hula ta zauna daidai, da ledar ayaba a hannu. Ni kuwa hijabin sallata na zura, ba kwalli ba turare, ko ruwa ban kawo masa ba. Na same shi a zaure na ajiye ledar kemis ɗin a kan tabarma tsakaninmu.

Ya kalle ta. Ya kalle ni. Ya cire hula ya sake mayarwa.

"Malamata, bari in yi miki bayani."

"Kada ka sake ce min Malamarka. Kana wurin ko ba ka wurin ranar da Sista ta ce lafiyata ƙalau?"

"Ina wurin."

"Ka yarda da ita?"

"Na yarda, wallahi. Hajiya ce ta tsaya a kan ba za a kawo lefe ba sai ta ga kin murmure. Na rasa yadda zan yi. Mai kemis ya ce mata da yawa suna sha, ba ya komai."

"In ba ya komai me ya sa ka ce a ɓoye min?"

Ya kau da kai. Na ci gaba.

"Ka san shekaranjiya na zauna a daji ina kuka, na ɗauka mutuwa zan yi? Shekara guda na yi ina takawa, rana da ruwa, har jikin nan ya zama abin da ya zama. Kai kuma a kwana goma sha biyu ka sa uwata ta rusa shi da cokali. Uwata, Basiru! Ka sa tana tsaye a kaina ina sha ina yi mata godiya!"

Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Amma fa kin fi kyau yanzu."

'Yan uwa, da akwai abu a hannuna da na jefe shi.

"Wannan ne maganin?"

Muryar Baba ce. Yana tsaye a bakin zauren, fartanya a kafaɗa, ƙafarsa duk taɓo. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Basiru ya zame daga tabarma ya durƙusa. Baba bai amsa gaisuwarsa ba. Ya jingine fartanyar, ya ɗauki ledar ya jujjuya ta.

"Ko tunkiyata ba na ba wa abin da ban san shi ba," ya ce. "Kai kuma ka shigo gidana ka ba 'yata, ban sani ba, ita ba ta sani ba."

"Baba, a yi min afuwa."

"Ba ni ka yi wa ba." Ya juyo gare ni. "Hure, ban taɓa tambayarki irin wannan ba, yau dole ce ta sa. Kina son sa har yanzu?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na so in ce a'a. Na buɗe baki in ce a'a. Sai na tuna shi a gindin tsamiya sati biyu yana jira a rana, kuma zuciyar nan tawa da ake ta magana a kanta ta ƙi ba ni haɗin kai.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ina son sa. Amma ba zan shiga gidansu a matsayin mai ciwon da aka taimaka aka aura ba. Hajiya ta zo tsakar gidan nan, a gaban matan da maganarta ta kai wa, ta faɗa da bakinta cewa lafiyata ƙalau. Kuma aikina yana nan, ƙafata tana nan."

Basiru ya ɗago a firgice.

"Hajiya? Hure, Hajiya ba ta taɓa janye magana ba tun da na san ta."

"To a kaina za ta fara."

Baba ya sa ledar a aljihu, ya ce wa Basiru, "Ka ji. Ka je ka isar." Ya ɗauki buta ya shige. Basiru ya tashi jiki a sanyaye, sai da ya buga babur sau huɗu kafin ya tashi.

Tun daga lokacin nake ɗaki. Inna ba ta fito daga nata ba, ko wutar tuwo ba a hura ba. Ina so in je in riƙe hannunta, ina kuma so in yi shekara ban yi mata magana ba, na rasa wanne zan ɗauka. Shi ya sa na zauna ina rubuta muku.

Yanzun nan, ana shirin kiran magariba, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. A ƙauyen nan ba mai mota. An rufe ƙofa ɗaya, biyu, uku. Tun kafin a yi sallama ƙamshin turaren ya riga su shigowa.

"Ina uwar yarinyar?" Muryar Hajiya Falta ce, kuma ba a hankali take magana ba. "A kira min ita. Ita ma yarinyar ta fito, an ce tana nemana."

Ta taga ina ganin matan maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga, wata da muciya a hannu. Ban san da wacce ta zo ba. Amma ni na ce ta zo, kuma ba a ɗaki za ta same ni ba.